Al'adata ta rikice, wane mai zan sha?

Assalamu alaikum, Anti. Ni matar aure ce a Jidda, shekaruna 44, 'ya'yana biyar. Kusan shekara guda ke nan al'adata ta rikice. Wani watan ta zo da wuri, wani watan ta tsallake, idan ta zo kuma sai ta yi kwana tara ko goma, da guda-guda, har ina jin jiri. Saura mako ta zo sai nonona ya yi tsami, cikina ya kumbura, in riƙa faɗa da kowa, in shiga ɗaki in yi kuka. Da dare ina farkawa sharkaf da gumi ko da mukayyif na ta hura sanyi. Mai shagon attara, wato mai sayar da kayan ƙanshi da magungunan gargajiya, ya haɗa min man habbatus sauda, man kattan (flaxseed a Turance) da kafson zahratur rabi'i. Wata ƙawata kuma ta ce in riƙa shan rabin kofin man zaitun kafin in karya, wai maiƙo jikina ya rasa. Na kashe kuɗi sosai, sauƙin kaɗan ne. 'Yata mai shekara 19 ita ma tana shan azabar ciwon mara duk wata. Don Allah wane mai ya fi dacewa da mu?

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Sannu, Allah ya ba ki lafiya, ke da 'yar taki.

Abin da kika zayyana sanannen abu ne ga macen da ta haura arba'in. Kin shiga shekarun da ke gaban ɗaukewar al'ada. Yawancin mata tasu na ɗaukewa tsakanin shekara 45 zuwa 55, amma kafin ta tafi gaba ɗaya takan ɗauki lokaci tana zuwa tana komawa, wata shekara huɗu, wata har takwas. Ba a cewa ta ɗauke sai an yi wata 12 cur ba a ga ko ɗigo ba. Faɗan nan da kukan ɗaki duk suna cikin alamomin. Na fara da wannan ne domin na san halinmu: mace ta sauya, kafin a tuna da shekarunta an riga an zargi kishiya ko maƙwabciya. Ki kwantar da hankalinki, babu hannun kowa a ciki, kuma ba halinki ne ya ɓaci ba.

Sai dai kafin in taɓa maganar mai, akwai layi ɗaya a wasiƙarki da ya tsaya min a rai: kwana tara ko goma, da guda-guda, har da jiri. Wannan kam na likitar mata ne, kuma a cikin makon nan. Jinin da ya wuce kwana bakwai, ko wanda ke sa mace sauya audugar mata duk awa ɗaya ko biyu, ko wanda ke zuwa tsakanin al'ada da al'ada, ko bayan saduwa, ba a zama da shi a gida ana jiƙe-jiƙe. Sau da yawa dalilin mai sauƙi ne. A waɗannan shekarun akwai watannin da ƙwai ba ya fita, sai shimfiɗar cikin mahaifa ta yi ta kauri, ranar da za ta zube ta zube da yawa. Wani lokacin kuma ƙarin mahaifa ne, faibrod, wanda ya fi yawa a cikin mata baƙaƙen fata. Kaɗan daga cikin mata kuma akan samu ciwon da ya fi wannan nauyi a shimfiɗar mahaifar, wanda idan aka gano shi da wuri ana warkewa. Ba za ki iya bambancewa daga ɗaki ba, mai shagon attara ma ba zai iya ba. Ki nemi a auna yawan jininki da sinadarin ƙarfen da ke ajiye a jikinki, a duba ƙwayar wuyan nan ta tayrod, domin ita ma tana rikita al'ada ta kawo gumi da faɗuwar gaba, sannan a yi miki hoton mahaifa. Akwai magunguna masu rage zubar sosai, akwai kuma robar mahaifa mai sinadari da ke yin wannan aikin shekaru. Idan jirin ya kai ki ga faɗuwa, ko numfashi na yanke miki, ɗakin gaggawa za ki nufa. Layin Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya, 937, yana aiki dare da rana idan kina son fara jin ta bakin likita ta waya.

Kafson zahratur rabi'in nan ki dakatar da shi har sai an duba ki. Yana cikin abubuwan da ake gargaɗin suna iya sa jini jinkirin daskarewa, ke kuwa zuba ce matsalarki.

To, mu dawo kan zancen ƙawarki, cewa jikinki maiƙo ya rasa. Na san inda maganar ta samo asali. Gaskiya ne sinadaran mace, istirojin da furojestaron, daga kolestarol jiki ke ƙera su, kuma kolestarol dangin kitse ne. Daga nan mutane suka ɗauka idan aka ƙara mai, sinadaran za su ƙaru. Amma hanta tana yin kolestarol ɗin da jiki ke buƙata da kanta. Abin da ke raguwa shi ne ƙwayayen haihuwa. Ana haihuwar 'ya mace da ƙwai miliyan ɗaya zuwa biyu, lokacin balaga sun dawo dubu ɗari uku zuwa ɗari huɗu, haka suke ta raguwa har su kusa ƙarewa wajen shekara hamsin. Su ne ke samar da yawancin istirojin, don haka idan suka yi ƙaranci sai sinadarin ya riƙa hawa da sauka babu tsari. Wurin da ke daidaita zafin jiki a ƙwaƙwalwa ya saba da shi, da ya ga sauyi sai ya ɗauka jiki ya yi zafi, ya buɗe jijiyoyin fata, ya saki gumi. Ɗura mai a irin wannan hali kamar ƙara wa injin niƙa mai ne alhali hatsin ne ya ƙare a buhu. Jiki na buƙatar maiƙo, babu shakka, ko don bitamin A, D, E da K da ba sa shiga jini sosai sai da shi. Amma macen da ke cin kabsa da miyar gyaɗa da ful da tamis ba ta rasa maiƙo ba. Tambayar ita ce wane iri take ci, kuma nawa.

Bari mu buɗe ledar da kika zo da ita daga shago.

Zahratur rabi'i fure ne da asalinsa daga Arewacin Amurka, daga 'ya'yansa ake tatsar man. Ya yi suna ƙwarai a wajen mata, har a Ingila likitoci sun taɓa rubuta shi ga masu ciwon nono da sunan Efamast. A shekarar 2002 hukumar magunguna ta ƙasar ta janye masa lasisi, domin da aka tattara gwaje-gwajen ba a ga hujjar da ta isa cewa yana aiki ba. Tun a 1994 ma mujallar likitocin Birtaniya ta buga wani gwaji a kan mata masu zafin jiki da gumin nan na shekarun ɗaukewar al'ada, aka ga bai fi kafson da babu komai a cikinsa ba. Akwai ƙananan gwaje-gwaje daga baya da suka ga ɗan sassauci, amma ɗan kaɗan ne. Na san za ki ce ai wance ta sha ta ji daɗi. Ba ƙarya take yi ba. A irin waɗannan gwaje-gwajen, mace ɗaya cikin uku ko huɗu takan ji sauƙi ko da ƙwayar da babu magani aka ba ta, kuma alamomin nan da kansu suna lafawa wata biyu su dawo. Duk abin da mace take sha lokacin da suka lafa, shi zai samu yabo. A ganina kuɗin kafson nan ya fi amfani a kasuwar kifi.

Habbatus sauda matsayinta daban ne a wajenmu. Hadisi ya inganta a Bukhari cewa a cikinta akwai waraka daga kowace cuta ban da mutuwa, kuma ba ni da ja a kan wannan. Shi dai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce bayin Allah su nemi magani, don haka amfani da ita da zuwa asibiti ba sa karo da juna. Abin lura shi ne man ya fi ƙwayar ƙarfi nesa ba kusa ba. Rabin ƙaramin cokali zuwa cokali ɗaya a yini ya isa, a cikin zuma ko madara, ba a kan yunwa ba idan yana ƙona miki ciki. Yana iya ɗan sauke sukari da hawan jini, saboda haka mai shan maganin ɗayansu ta gaya wa likitarta. Ki kuma sayi mai rufi da suna da kwanan wata. Wanda ake ɗurawa a gorar ruwa ba ki san me aka gauraya masa ba.

Man kattan ba shi da laifi, sai dai ba ya jure zafi. Ba a suya da shi, kuma a yanayin Jidda idan ba a firij yake ba nan da nan zai yi ɗaci. Idan kin ji yana warin fenti, zubar. 'Ya'yan kattan ɗin da kansu sun fi man amfani: ki niƙa kaɗan-kaɗan, babban cokali ɗaya a cikin zabadi, wato yogot, ko kunu, yana taimaka wa mai taurin bayan gida da kumburin ciki, in dai ana shan ruwa. Game da zafin jiki kuwa, likitocin asibitin Mayo Clinic a Amurka sun gwada kattan ɗin, sakamakon da aka buga a 2012 bai nuna ya fi abin da aka kwatanta shi da shi ba.

Rabin kofin man zaitun da safe, wannan ki bari daga gobe. Babban cokali ɗaya na kowane irin mai yana da kalori kusan 120. Rabin kofi cokali takwas ne, wato kusan kalori 1,000, rabin abin da mace ke buƙata a yini gaba ɗaya, tun ba ki sa komai a baki ba. Ƙarshensa gudawa, tashin zuciya da ƙarin ƙiba, ga shi mata masu ƙiba sun fi shan wahalar zafin jikin nan a waɗannan shekarun. Mai tsakuwa a matsarmama kuma zai iya tayar mata da ciwo.

Kada wannan ya sa ki ɗauka ina raina zaitun. A cikin duk abin da ke ledarki shi ne wanda zan ce ki riƙe da hannu biyu. Allah ya ambaci bishiyarsa da albarka a Suratun Nur, kuma hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya ce a ci man zaitun a kuma shafa. Amfaninsa gare ki yana wani wuri da ba a cika gaya wa mata ba. Kafin ɗaukewar al'ada istirojin yana kare jijiyoyin jini, shi ya sa ciwon zuciya ya fi kama maza da wuri. A daidai shekarun da kike ciki wannan kariya ke janyewa, mugun kolestarol ya hau, kitse ya bar ƙugu da cinya ya taru a tumbi. Zafin jiki zai yi shekarunsa ya wuce, amma zuciya da jijiyoyi da su za ki ƙarasa rayuwa. A Sifaniya an bi mutum 7,447 masu shekara 55 zuwa 80 kusan shekara biyar, a binciken da ake kira PREDIMED. Waɗanda aka sa wa man zaitun mai kyau ko 'ya'yan itatuwa masu mai a abincinsu, bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki sun ragu musu da kusan kashi 30 cikin ɗari. Ki lura a cikin abinci suka ci shi, tare da ganye, wake da kifi, a madadin wani man.

A madadin, nan maganar take. Ba ƙari za ki yi a kan abin da ke tukunyarki ba, musanya za ki yi. Ki tsaya a kicin ɗinki ki duba: gwangwanin samin, tataccen man shanun nan na kanti, da ake kwarara wa ful, kitsen ragon da ke kwance a ƙasan mandi, fatar kaza, man shanun da muke zuba wa tuwo har ya yi tafki a tsakiyar malmala, manjan da aka aiko daga gida. Kusan rabin manja kitse ne mai daskarewa, samin da man shanu sun haura haka, man kwakwa ya fi su duka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce irin wannan kitsen kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari na abincin yini, wato kusan giram 20 ga mace irinki, abin da babban cokali biyu zuwa uku na samin zai cinye. Ba zan ce ki rabu da man shanu ba, don na san ba za a yi ba, kuma miyar kuka babu shi ba ta cika. Ƙaramin cokali a kan tuwo ya ba da ƙanshin da ake nema. Manja ja yana da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, amma idan aka bar shi a wuta har ya yi hayaƙi ya koma fari, an ƙone amfanin. Ful ɗin safe kuwa, ki gwada shi da man zaitun da lemon tsami da tahina, wato niƙaƙƙen riɗi, yaran ma za su saba.

Wajen sayen man zaitun, ki nemi wanda aka rubuta bikr mumtaz a jikinsa, wato mai daraja ta ɗaya, a kwalba mai duhu, ki ajiye shi nesa da murhu da taga. Ba sai na waje ba. Yankin Jauf a arewacin Saudiyya yana da miliyoyin bishiyoyin zaitun, har bikinsa ake yi duk shekara a Sakaka. Ana girki da shi lafiya lau, miya da jajjage da gashi. Babban cokali biyu zuwa uku a yini, duk girki ya haɗa, ya wadatar da ke. Idan ya yi miki tsada, man gyaɗa da man riɗi namu na gado su ma yawancin maiƙonsu mai kyau ne, kada kowa ya sa ki ji kamar sai abin Turawa. Riɗin Gadarif na Sudan da na Jazan duk suna kasuwa, tahina kuwa babu kantin da ba shi da ita. Cikin tafin hannu na gyaɗa gasasshiya ko lauz, wato almon, da la'asar ya fi biskit da kek. Ki dai tsince gyaɗar da ta yi fumfuna ko ta yanƙwane, gubar da ke cikinta hanta take taɓawa.

Abin da ya fi damuna a gidajenmu shi ne kaskon suya. A soya sambusa yau, a tace man, gobe a soya ƙosai, jibi kaza, har ya yi baƙi ya yi kumfa yana ɗaurewa a bakin kasko. Duk sake ɗora shi a wuta yana ƙara lalata shi. Idan ya sauya launi ko ya fara hayaƙi da wuri, ya gama aikinsa. Rage suyar ma ya fi: sau ɗaya ko biyu a mako, sauran ranakun gashi da dafuwa. Abu ɗaya da ya sauƙaƙa muku a nan shi ne tun farkon 2020 Saudiyya ta hana sa man nan da ake daskararwa a masana'anta cikin abinci, wanda shi ne mafi illa ga zuciya, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ta takardar yabo a 2024 tare da wasu ƙasashe huɗu.

Sai kifi. Kina zaune a bakin Bahar Maliya, kasuwar kifi ta Bangala na nan. Ki nemi baga da sadin, su ne masu araha kuma su ne masu maiƙon omega-3. Sau biyu a mako, a gasa ko a sa a miya. Sadin na gwangwani ma ya yi, ki ci har da ƙashinsa mai laushi, akwai kalsiyam a ciki. Kafson man kifi ba zai kawar miki da gumin dare ba, an gwada shi a kan mata 355 a Amurka na tsawon mako 12, sakamakon da ya fito a 2014 bai nuna bambanci ba. Inda omega-3 ya fi nuna alamar taimako shi ne ciwon mara irin na 'yarki. Murɗawar nan wani sinadari ne ke kawo ta, furostagilandin, wanda ke sa mahaifa matsewa, kuma jikin da ke samun maiƙon kifi yakan ƙera nau'insa marar tsanani. Ƙananan gwaje-gwaje sun ga sauƙi bayan wata biyu zuwa uku. Ta ci kifin tare da ke. Ranar da ciwon ya fara, ibuprofen da aka sha tun da farko bayan an ci abinci ya fi wanda aka jira sai ciwo ya kai maƙura, in dai ba ta da gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko asma da ke tashi da shi. Gorar ruwan ɗumi a mara tana aiki sosai, ki ɗan shafa mata man zaitun ko na riɗi mai ɗumi ki murza a hankali. Idan duk da haka ciwon na hana ta makaranta, ko tana amai har ta galabaita, ki kai ta a duba. Akwai ciwon da ake kira endometiriyosis da 'yan mata ke shekaru da shi ana ce musu idan sun yi aure zai wuce.

Game da makon nan da nono ke tsami rai ke ɓaci, abin da ya fi kowane mai hujja shi ne kalsiyam. A 1998 an buga wani gwaji a Amurka a kan mata fiye da 450. Masu shan miligiram 1,200 a yini alamominsu sun ragu da kashi 48 cikin ɗari a wata na uku, masu shan ƙwayar da babu magani kuma kashi 30. Kofi ɗaya na laban ko madara yana da kusan miligiram 300, ga zabadi, ga riɗi, ga zogale. Wannan ribarki biyu ce, domin ƙashi ma yana saurin raguwa a shekarun farko bayan ɗaukewar al'ada. Kalsiyam kuma ba ya shiga jiki yadda ya kamata sai da bitamin D, wanda ƙarancinsa ya yi yawa a matan Saudiyya duk da wannan rana, saboda daga gida sai mota, daga mota sai wani ginin. Ki sa a auna miki shi tare da sauran gwajin. A makon kuma ki rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano don kumburin, ki rage gahawa da shayi daga la'asar. Shayin nan ma ki raba shi da lokacin cin abinci da awa ɗaya ko biyu, yana hana ƙarfen abinci shiga jini, ke kuwa jini kike asara. Yaji mai zafi da daddare yana tayar wa wasu da gumi, ki lura ko kina cikinsu. Tafiyar minti talatin bayan magariba ko da asuba, ko a bakin teku ko a farfajiyar gida, tana gyara barci da zuciya fiye da yadda ake zato. Amma idan baƙin cikin ya kai ki ga jin kin gaji da rayuwa, ki gaya wa likita a fili, akwai maganinsa kuma yana aiki.

Akwai abin da ba ki tambaya ba, zan faɗa domin da yawa kunya ke hana su. Raguwar istirojin na kawo bushewar gaba da zafi lokacin saduwa. A nan ne mata ke cutar da kansu da matse-matse, a cusa miski, man kanumfari ko wani haɗi da ba a san kansa ba, fatar da ta riga ta yi laushi ta ƙone ko ƙwayoyin cuta su samu ƙofa. Man kaɗanya, na kwakwa ko na zaitun a fatar jiki da ta bushe, madalla. Na ciki kuwa akwai man santsi da aka yi da ruwa a saidaliyya, wato kantin magani, akwai kuma man istirojin na shafawa da likita ke rubutawa, wanda kaɗan ne ƙwarai ke shiga jini. Mai irin na girki yana lalata kororon roba, masu amfani da shi su sani. Mayukan ƙanshi irin na furen huzama (lavender) ba a sha. Ɗigo biyu a cikin cokalin man zaitun a shafa a kafaɗa, ko a ɗiga a gefen matashi, wasu na jin yana sa su barci, iyakarsa ke nan.

Idan gumin dare ya ci gaba da hana ki barci bayan an gano dalilin zubar jinin, ki tambayi likitar game da maganin maye gurbin sinadarin, na sha ko na liƙawa ko na shafawa. Har yau babu abin da ya kai shi kwantar da zafin jikin nan. Ga mace mai lafiya da ba ta kai 60 ba, amfaninsa yakan rinjayi haɗarinsa. Ba a ba wadda ta taɓa ciwon dajin nono ko daskarewar jini a jijiya, kuma mai mahaifa dole a haɗa mata da furojestaron. Wadda bai dace da ita ba akwai wasu magungunan da ba na sinadarin ba. Ƙungiyar likitocin ɗaukewar al'ada ta Arewacin Amurka ta duba duk hanyoyin a 2023, ba ta sa kafson tsirrai da mayuka cikin abin da ta ba da shawara ba.

Ki sani kuma har yanzu kina iya ɗaukar ciki. Tsallaken wata ba ya nufin an rufe. Idan ba ku da niyyar ƙari, wannan ma a tattauna shi a zama ɗaya.

Maigida ma a sanar da shi, Hajiya. Maza da yawa ba su taɓa jin akwai wannan zangon a rayuwar mace ba, sai su fassara shi da raini ko gajiya da aure. Ki zaɓi ranar da kike cikin natsuwa ki faɗa masa abin da ke faruwa da ranakun da ya fi tsanani, in ya yiwu ya raka ki asibitin ya ji da kunnensa. Babbar 'yarki ma ta isa ta ɗauke miki girki a waɗannan kwanakin, kamar yadda kike ɗauke mata a nata.

Ki samu ɗan littafi daga yau ki riƙa rubuta ranar da jini ya fara da ranar da ya tsaya, auduga nawa kika sauya, daren da gumi ya tashe ki, da ranakun ɓacin rai. Likita za ta fi gane inda matsalar take da wannan, malamar da za ki tambaya hukuncin sallarki ma da shi za ta raba miki haila da istihala. Ranar zuwa asibitin ki zuba duk kwalaben nan da kafson a leda ki tafi da su ta gani da idonta. Idan sakamakon gwajin ya fito ki rubuto min, mu duba abincin da zai mayar miki da jinin da kika rasa. Ki gaida 'yar tawa.